Renon Ƙwayoyin Cuta ko Gwajin DNA: Wanne Ya Dace da Mikin da Ya Ƙi Warkewa?

Idan miki ya daɗe bai warke ba, ko wurin da aka yi wa mutum tiyata ya kumbura ya fara zubar da mugunya, abu biyu likita yake son sani kafin ya tsayar da magani: wace ƙwayar cuta ce ta shiga naman, kuma wane magani ne zai iya kashe ta. Ɗakunan gwaje-gwaje suna da hanya biyu ta neman wannan amsa. Ta farko ita ce renon ƙwayoyin a kan faranti har su yi yawan da za a gan su da ido, abin da ma'aikatan asibiti suka fi sani da kalca. Ta biyu ita ce neman DNA ɗin ƙwayoyin, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadonsu, kai tsaye a cikin samfurin, ba tare da an jira sun tsiro ba. Masu sayar da gwajin DNA sukan tallata shi a matsayin magajin reno, wanda ya zo ya maye gurbinsa. A ganina lamarin ba haka yake ba, domin ba tambaya ɗaya hanyoyin biyu suke amsawa ba, kuma wanda bai tantance abin da yake nema ba yana iya kashe kuɗi masu yawa ya karɓi takardar da za ta ƙara ruɗa shi.

Akwai matakin da yake gaban gwajin kowane iri. Duk buɗaɗɗen miki yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, har wanda yake warkewa lafiya lau, saboda haka samun su a cikin samfur ba hujja ba ce ta cewa mikin ya harbu. Jikin majiyyaci ne yake nuna hakan. Jagorar da ƙungiyar IWGDF mai kula da ciwon ƙafar masu ciwon suga ta fitar tare da ƙungiyar likitocin cututtuka masu yaɗuwa ta Amurka, IDSA, a 2023 ta dogara ne a kan ganin aƙalla biyu daga cikin alamomi biyar: kumburi ko taurin wurin, ja da ya wuce rabin santimita daga bakin mikin, ɗumi, jin ciwo idan an taɓa, da fitar mugunya. A fata mai duhu jan ba ya bayyana sosai, sai an ƙara dogara da hannu wajen jin ɗumi da tauri. Mikin da ba shi da waɗannan alamomi ba ya bukatar maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma ba ya bukatar ɗaya daga cikin gwaje-gwajen nan biyu.

Abin da reno yake nunawa

Da samfur ya isa ɗakin gwaji, abu na farko shi ne a shafa kaɗan a kan gilashi a rina shi da rinin da Hans Christian Gram ya ƙirƙiro a 1884. Cikin abin da bai kai awa ɗaya ba ma'aikaci zai ga ko ƙwayoyin ƙananan dunƙule-dunƙule ne masu launin shunayya a cure wuri guda, ko kuwa 'yan sanduna ne ja-ja, kuma zai ga ko akwai fararen ƙwayoyin jini da yawa, alamar cewa jiki yana faɗa da wani abu a wurin. Mutane kan manta da wannan mataki idan suna kwatanta saurin hanyoyin biyu, alhali shi ne amsa mafi arha da ake samu a rana ta farko.

Daga nan sai a shafa samfurin a kan faranta daban-daban, ciki har da mai ɗauke da jini, a ajiye su a ɗumin digiri 35 zuwa 37. Washegari kowace ƙwaya ta nuna halinta. Staphylococcus aureus yakan fito ɗigo-ɗigo masu launin zinariya, Streptococcus pyogenes yakan narkar da jinin da ke kewaye da shi ya bar zobe garau, Pseudomonas aeruginosa yakan ba farantin launin kore da wari na daban, shi kuwa Proteus sai ya malale ya rufe farantin baki ɗaya har ya ɓoye sauran. Inda ake da na'urar MALDI-TOF, cikin 'yan mintuna ake sanin sunan abin da ya tsiro.

Mataki na gaba shi ne ainihin ƙarfin wannan hanya. Ana shimfiɗa ƙwayar da aka ware a kan sabon faranti, a ɗora ƙananan takardu masu ɗauke da magunguna iri-iri, bisa tsarin Kirby da Bauer da aka daidaita a 1966. Bayan awa 16 zuwa 20 a auna faɗin da'irar da ƙwayar ta kasa tsirowa a kewayen kowane magani da milimita, a gwada da jadawalin hukumomin da ke tsara ma'aunin wannan gwaji, CLSI ta Amurka ko EUCAST ta Turai. Ko kuma a nemi mafi ƙanƙantar adadin maganin da ke hana ta tsiro, wanda ake rubutawa MIC. A nan an haɗa rayayyiyar ƙwayar cuta da maganin ido da ido, an ga wanda ya yi rinjaye. Ko wace dabara ƙwayar take amfani da ita wajen bijire wa magani, sananniya ce ko sabuwa, sakamakonta zai bayyana a kan farantin.

Aibin reno ba ɓoyayye ba ne. Cikakkiyar amsa tana ɗaukar kwana 2 zuwa 3, kuma ƙwayoyin da ba sa jure iskar oksijin suna bukatar ƙarin kwanaki, in ma ba su mutu a hanyar kai samfurin ba. Idan majiyyaci ya riga ya fara shan magani, farantin yana iya fitowa fayau alhali cutar tana nan. Masu saurin tsiro kuma suna danne masu nawa. Ga kuma matsalar tsofaffin gyambuna, inda ƙwayoyin ke taruwa su lulluɓe kansu da wani yauƙi da suke fitarwa, su rage kuzarin rayuwarsu ta yadda ba sa tsirowa da sauƙi. Wani bincike da aka wallafa a 2008 ya ga wannan lulluɓi a kashi 60 cikin 100 na tsofaffin gyambunan da aka duba, amma kashi 6 kacal a sababbin raunuka.

Gwajin DNA ba abu ɗaya ba ne

Abubuwa uku mabambanta ake haɗawa a ƙarƙashin wannan suna, kuma rashin rarrabe su ne yake jawo yawancin ruɗani. Na farko shi ne PCR, dabarar da Kary Mullis ya fito da ita a 1983, wadda ta ba shi kyautar Nobel a 1993. Ana zaɓar wani ɗan guntun DNA da aka san cewa wata ƙwaya ce kaɗai take da shi, a riƙa ninka shi zagaye bayan zagaye. Zagaye 30 na iya mayar da kwafi ɗaya ya haura biliyan. Amsa tana fitowa cikin awa ɗaya zuwa 'yan awoyi. Ana iya haɗa neman ƙwayoyi da yawa a kwanson gwaji guda, amma komai yawansu, abin da aka tsara gwajin ya nema kawai zai gani. Misali mai kyau shi ne gwajin BioFire na ruwan gaɓoɓi da hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi a 2022, wanda yake neman ƙwayoyin cuta 31 da ƙwayoyin gadon bijirewa 8, wato guntayen DNA da ke ba ƙwayar cuta ikon bijire wa magani, cikin kimanin awa ɗaya, amma babu Staphylococcus epidermidis da Cutibacterium acnes a jerinsa, alhali suna cikin waɗanda aka fi samu idan gaɓar roba ko ƙarfe da aka dasa ta harbu. Wanda ya ga an rubuta ba a sami komai ba, bai kuma duba jerin ba, zai ɗauka gaɓar lafiya take.

Na biyu shi ne karanta ƙwayar gado ta 16S, wadda kowace bakteriya take da ita, kuma wadda Carl Woese ya kafa rabe-raben halittu a kan irinta a 1977. Ba a bukatar sanin abin da ake nema tun farko. Sai dai suna kaɗai take bayarwa, wani lokaci ma sunan dangi ne ba na ainihin ƙwayar ba, ba ta ganin fungas, kuma ba ta cewa komai game da magani. Na uku shi ne karanta dukkan DNA ɗin da ke cikin samfurin. Wannan ya fi sauran zurfi da tsada, yana ɗaukar kwanaki a yawancin wurare, kuma mafi yawan abin da na'urar take karantawa DNA ɗin majiyyacin ne kansa.

Batun bijire wa magani

A nan ne ya kamata a tsaya a yi nazari, domin a nan ne tallar gwajin DNA ta fi yin ƙarfi, kuma a nan ne iyakarsa ta fi fitowa. Gwajin ba ya auna bijirewa. Abin da yake nema shi ne ƙwayar gadon da aka san tana haddasa bijirewa. Inda alaƙar ƙwayar gadon da halin ƙwayar cutar take a miƙe, amfaninsa babba ne.

Staphylococcus aureus mai bijire wa metisilin, wato MRSA, wanda aka fara ba da rahotonsa a Ingila a 1961, shi ne misali mafi tsabta. Ƙwayar gado ɗaya, mecA, ita ce take sa ya ƙera wani furotin da magungunan dangin penisilin ba sa kamawa. Idan an sami amsa cikin awa ɗaya cewa ƙwayar da ke cikin ƙurji mai zurfi ba ta da mecA, likita yana iya barin bankomaisin, maganin da ake bayarwa idan ana zargin MRSA, ya koma kan kuloksasilin ko sefazolin, waɗanda suka fi shi aiki a kan ƙwayar da ba ta bijire ba, kuma ba sa wahalar da ƙoda kamarsa. Wannan yana rage jiran kwana biyu ga majiyyacin da yake kwance cikin mawuyacin hali.

Riba ta biyu tana wajen ƙwayoyin da ke karya magungunan kabapenem, waɗanda ake ajiyewa don cututtuka masu tsanani. Sinadaran da ke yin wannan ɓarna iri-iri ne: KPC, da aka fara gani a wani samfur na 1996 a jihar Karolina ta Arewa a Amurka, OXA-48, daga Turkiyya a 2001, da NDM, da aka gano a 2008 a jikin wani majiyyaci a Suwidin wanda ya yi jinya a New Delhi. Farantin reno zai ce ƙwayar ta bijire, amma ba zai faɗi da wace dabara ba sai an ƙara wani gwaji. Sanin dabarar kuwa yana canza magani, domin haɗin seftazidim da abibaktam yana aiki a kan KPC da OXA-48 amma ba ya aiki shi kaɗai a kan NDM. Gwaji irin Xpert Carba-R yana rarrabe manyan iri biyar cikin ƙasa da awa ɗaya, kuma yana ba asibiti damar keɓe majiyyacin kafin ƙwayar ta tsallaka gado na gaba.

Matsala tana farawa ne idan samfurin ya ƙunshi ƙwayoyi da yawa, kuma haka yawancin tsofaffin gyambuna suke. A ɗauki gyambon ƙafar da ke ɗauke da Staphylococcus aureus wanda bai bijire wa komai ba, tare da Staphylococcus epidermidis, mazaunin fatar kowa, wanda sau da yawa yake ɗauke da mecA. Gwajin da bai iya haɗa ƙwayar gado da mai ita ba zai rubuta an sami aureus, an sami mecA, mai karatu kuma ya kammala cewa MRSA ne. Tamkar a tsinci makami ne a ɗakin da mutum goma suke kwana: an san yana nan, ba a san na waye ba. Gwaje-gwaje masu inganci sun magance wannan ta hanyar neman mahaɗar da mecA take manne da DNA ɗin aureus ɗin kansa, kamar yadda Xpert MRSA/SA SSTI yake yi, amma ba kowane kwanso ne yake yin haka ba, kuma ga ƙwayoyin gadon bijirewa irin CTX-M da ke yawo tsakanin bakteriyar hanji iri-iri babu wata mahaɗa tabbatacciya da za a nema.

Rashin samun ƙwayar gado kuma ba ya nufin magani zai yi aiki. A 2011 aka ba da rahoton mecC, wata 'yar'uwar mecA da ita ma ke haddasa bijire wa metisilin, a jikin shanu da mutane a Birtaniya da Denmak. Kamanninta da mecA kusan kashi 70 cikin 100 ne kawai, don haka gwaje-gwajen PCR na lokacin suka riƙa wuce ta, alhali faranti yana nuna bijirewar. Pseudomonas aeruginosa, wanda ya addabi masu ƙuna da masu gyambon da ke yawan jiƙewa, ya fi wannan wuyar sha'ani. Sau da yawa ba ya bukatar aro wata ƙwayar gado daga waje. Yakan toshe ƙofar da maganin ke shiga ta cikinta, ko ya ƙara ƙarfin famfunan da ke fitar da maganin waje, ko ya yawaita wani sinadarin karya magani da dama can yana da shi. Kwanson PCR na yau da kullum ba ya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Takarda za ta fito babu ƙwayar gadon bijirewa, ƙwayar cutar kuma tana tsirowa a cikin maganin.

Haɗarin gani da yawa

DNA ba ya ɓacewa da zarar ƙwaya ta mutu, yana iya daɗewa a cikin mataccen nama bayan magani ya gama aikinsa. Saboda haka gwajin DNA ba ya rarrabe rayayyiya da matacciya, kuma bai dace a yi amfani da shi don tabbatar da warkewa ba. Haka nan idan aka karanta DNA ɗin tsohon gyambo, ba abin mamaki ba ne a ga sunaye goma ko fiye, wasu mazauna fata, wasu ma daga sinadaran gwajin kansu suka fito. Doguwar takarda irin wannan tana jan hannun likita ya rubuta magani mai faɗin zango don ya rufe kowa, wanda shi ne ainihin halin da ke haifar da bijirewar da aka yi gwajin dominta. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar bakteriya ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma tana da hannu a mutuwar miliyan 4.95. Gwajin da ke ƙara yawan maganin da ake sha ba tare da ƙara yawan waɗanda ke warkewa ba, ba ci gaba ba ne, komai sabuntarsa. Jagorar 2023 da aka ambata a baya ta ba da shawarar a fara da reno, ba gwajin DNA ba, wajen gano ƙwayar da ta harbi nama ko ƙashin ƙafar mai ciwon suga.

Inda reno ya gaza kuwa, babu ja-in-ja. Ƙwayar da ke haddasa gyambon Buruli, Mycobacterium ulcerans, ba ta tsirowa sai a ɗumin digiri 29 zuwa 33, kuma sai an yi makonni ana jira. PCR mai neman guntun DNA ɗinta da ake kira IS2404 shi ne gwajin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi don tabbatar da cutar. Cutibacterium acnes na iya bukatar kwana 14 a kan faranti. Sannan ga majiyyacin da aka ɗebo naman cikin jikinsa ko ƙashinsa a ɗakin tiyata bayan ya sha magani na kwanaki, reno ya fito babu komai, alamomi kuma suna nan. A irin wannan samfur, da aka ɗauko daga wurin da bai kamata a sami ko ƙwaya ɗaya ba, karanta 16S yana da ma'ana sosai, domin duk sunan da ya fito abin zargi ne.

Yadda za a zaɓa

Ga mikin da ya nuna alamun harbuwa a jikin wanda bai galabaita ba, reno da gwajin magunguna sun wadatar, tare da maganin farko da aka zaɓa bisa abin da aka saba gani a asibitin. Ga wanda cutar ke gudu a jikinsa da sauri, ko wanda ya daɗe a asibiti, ko ya taɓa ɗaukar ƙwaya mai bijirewa, PCR mai tambaya ɗaya tak, ko MRSA ne, ko wace irin mai karya kabapenem ce, ya cancanci kuɗinsa, da sharaɗin a tura samfurin reno a lokaci guda. Ba a barin reno, domin shi kaɗai yake bar wa ɗakin gwaji rayayyiyar ƙwayar da za a gwada wa sabon magani idan na farko ya gaza, ko a kwatanta ta da ta wani majiyyaci idan ana zargin ɓarkewa a ɗakin jinya, kuma daga sakamakonsa ne asibiti yake tattara jadawalin magungunan da har yanzu suke aiki a wurinsa. Babban kwanson da ke neman komai a kan gyambon da ba shi da alamun harbuwa shi ne zaɓin da na fi ganin rashin dacewarsa.

Saurin ma yana da sharaɗi. Awa ɗaya lokacin na'ura ne. Idan sai an aika samfurin wani gari, ko an jira samfura sun taru, ko amsar ta fito da dare babu wanda zai canza magani sai safiya, ribar ta zube. Yana da kyau a tambayi ɗakin gwajin abu uku kafin a biya: cikakken jerin abin da kwanson yake nema, ko an tabbatar da ingancinsa a kan samfurin miki ba na jini ko hanci kawai ba, da kuma ko yana iya danganta ƙwayar gadon bijirewa da ƙwayar cutar da ke ɗauke da ita.

Duk hanyar da aka bi, samfurin ne yake yanke ingancin amsa. A wanke mikin, a kankare mataccen nama, sannan a ɗebo ɗan gutsuren nama mai rai daga gindinsa. Idan hakan bai yiwu ba, a yi amfani da tsinken auduga bisa dabarar Levine: a murza shi a kan fili mai tsabta na murabba'in santimita ɗaya na daƙiƙa 5, ana dannawa har ruwan naman ya fito. Shafa auduga a kan busasshiyar mugunya ta sama yana ɓata reno, kuma ya fi ɓata PCR, tunda aikinsa shi ne ninka duk abin da aka ba shi. Samfurin ƙashi kuma an fi so a ɗauke shi ta lafiyayyar fata ko a ɗakin tiyata, ba ta cikin gyambon ba.

Wani lokaci amsoshin biyu sukan saɓa, kuma akwai yadda ake karanta saɓanin. Idan PCR bai ga ƙwayar gado ba amma faranti ya nuna bijirewa, farantin ake bi. Idan PCR ya ga mecA amma aureus ɗin da ya tsiro bai bijire ba, a duba ko wata ƙwayar fata ta tsiro tare da shi. Idan kuwa PCR ya ga OXA-48 a ƙwayar da aka ware, faranti kuma ya nuna kamar meropenem, ɗaya daga cikin magungunan kabapenem, zai yi aiki, nan ana ɗaukar gargaɗin PCR da muhimmanci, domin wannan sinadarin ya shahara da ɓuya a bayan MIC mai ƙanƙanta, saboda haka a keɓe majiyyacin, a kuma zaɓi magani tare da likitan cututtuka masu yaɗuwa.